Maza Shida ko Maza Huɗu

Sa'a ta daɗe tana ba da kati a ƙaramin asibitin Kusada, amma har yanzu ba a ɗauke ta aiki sosai ba. Ma'aikaciyar wucin gadi ake ce mata, ko da yake wucin gadin nata ya girmi ɗanta na ƙarshe. Ita ke buɗe tagar ɗakin kati da safe, ta rubuta sunan mai ciki da na mai goyo, ta lalubo katin tsohuwar da ba ta san shekarunta ba, ta raba faɗan layi. Ranar da mai shara ba ta zo ba, ita ce mai shara. Duk babban da aka turo duba ma'aikata sai ya yaba mata, sannan ya tambayi takardarta, daga nan sai ya wuce.

Takardar da ake nufi ita ce ta makarantar koyon aikin lafiya da ke Kankiya, sashen adana bayanan marasa lafiya. Kafin a shiga sai an ci jarrabawa, a cikin jarrabawar kuma akwai lissafi. Sau biyu Sa'a tana zama, sau biyu lissafi na riƙe mata ƙafa. Bayan na biyun ta tattara littattafanta ta cusa a ƙarƙashin gado, ta ce ta haƙura.

Mijinta Lawal ne ya sake tono maganar. Manomi ne da damina, ɗan acaɓa da rani, mutum ne mara yawan magana. Wata ranar kasuwa ya dawo daga Kankiya, ya jingine babur, ya zauna a kan turmi yana cire takalmi.

"Akwai wata Madam Vero mai shagon kayan masarufi da nake ɗaukar ma kaya," in ji shi. "Mijinta tsohon malamin lissafi ne, ya aje aiki. Na yi mashi maganarki."

"Baban Kamila, na gaji da wannan magana."

"Na sani. Ki gwada na ƙarshe. Ni zan riƙa kai ki duk Asabar."

Da Asabar ta zo, sai ga ta ta janyo littattafan tana karkaɗe masu ƙura. Ta bar yara uku wurin Inna, mahaifiyar Lawal, ta hau bayan babur.

Mista Benson, mijin Madam Vero, ya zo Kankiya daga kudu tun yana saurayi, koyarwa ta kawo shi, a nan kuma ya yi furfura. Ya koyar da ubanni, ya koyar da 'ya'yansu. Hausa ta zauna a bakinsa daram, sai dai in ya zo kan ɓ da ɗ harshensa yakan zame. A bayan shagon matarsa yake zama, tsakanin katan-katan na taliya da sabulu, ya miƙe ƙafafunsa a kan benci saboda gwiwoyinsa sun kumbura. Da ya ga Sa'a bai yi wani murna ba. Kallon da ya yi mata irin na wanda aka sake kawo ma kaya ne bayan ya sauke.

"Maman Kamila ko? Zauna. Ina ne yake ba ki wahala?"

"Malam, in an ba ni lambobi tsirara ina yi. Amma in an naɗe su a cikin labari, sai in ɓace. Na haddace ƙa'idojin duka, ban san wadda zan ɗauko ba."

Ya gyaɗa kai, ya janyo wani littafi da bangonsa ya rabu, ya buɗe ba tare da ya nemi shafi ba. Ya karanta da Turanci, sannan ya mayar mata da Hausa. Mutane ne suka taru, kowa ya yi musafaha da kowa sau ɗaya. Da aka ƙirga musafahar sai aka samu ashirin da takwas. Mutum nawa ne a wurin?

Sa'a ta riƙe biro tana kallon shafin. Can ta ɗago.

"Malam, akwai mata cikinsu?"

"Me ya kawo mata?"

"Ai in akwai mata ba za su ba maza hannu ba. Lissafin zai canza."

Benson ya kalle ta, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Madam Vero ta leƙo daga cikin shago da ludayin awo a hannu, ta ce rabon da ta ji dariyarsa tun kafin Kirsimeti. Sa'a ta sunkuyar da kai, ta ɗauka wauta ta yi.

"A'a, ba wauta ba ce," in ji shi yana share ido. "Shekara da shekaru ina ba yara wannan tambaya a garin nan, babu wanda ya taɓa tsayawa ya ga mutanen. Ke kin gan su. To mu ce duk maza ne."

Ya sa hannu a wani gwangwani ya ɗebo murafen kwalbar lemo guda huɗu, ya jera a kan benci. Na farko ya gaisa da uku. Na biyu ya riga ya gaisa da na farko, saura biyu. Na uku saura ɗaya. Na huɗu ya gama tun bai motsa ba. Shida ke nan.

"Yanzu ki duba ta wata hanyar. Kowane ɗaya cikin huɗun nan da mutum uku ya gaisa. Huɗu sau uku?"

"Sha biyu."

"Me ya sa muka samu shida?"

Ta daɗe tana kallon murafen. Sannan a hankali ta ce, "In Lawal ya ba abokinsa Manu hannu, Manu ma ya ba Lawal hannu. Gaisuwa ɗaya ce, mun ƙirga ta sau biyu."

"Shi ke nan. Sai a raba biyu."

Da yake ba a san yawan mutanen ba, suka sa masu harafin n. Kowa ya gaisa da kowa ban da kansa, wato n sau n a ɗebe ɗaya, a raba biyu, daidai da ashirin da takwas. Daga nan hanya ta zama wadda Sa'a ta sani. Ta ninka, ta buɗe baka, ta kwashe komai gefe ɗaya, ta warware. Amsa biyu suka fito: takwas, da bakwai ƙasa da sifili.

"Kin taɓa ganin mutum bakwai ƙasa da sifili sun zo taro?"

"A'a, Malam."

"To jefar da ita. Ɗaya ta gaskiya, ɗaya ta bola."

Wannan magana ta zauna mata a kai fiye da duk abin da ya faɗa a ranar.

Haka Asabar ta riƙa bin Asabar. Ya koya mata bambancin jeri da zaɓe da abin da take gani kullum. A layin tagarta, wadda ke gaba da wadda ke baya ba ɗaya ba ne, shi ya sa ake faɗa. Amma in an ce mata uku cikin shida su shiga ɗakin awo tare, babu ruwan kowa da wadda aka fara kira. Shida sau biyar sau huɗu, ɗari da ashirin, sai a raba da hanyoyi shida da mutum uku za su iya jeruwa, a samu ashirin. Wani lokaci ta gane nan take. Wani lokaci sai ya maimaita har muryarsa ta dushe, ya jingina kai da bango ya rufe ido, ita kuma ta zauna tana jin kunyar tashinsa. Lawal yakan yi 'yan jigila a cikin gari, ya dawo ya ɗauke ta. Iskar bazara tana dukan fuskarta kamar an buɗe tanda, lambobi na yi mata yawo a kai, tana tunanin wankin da ta bari a jiƙe.

Azumi ya kama a tsakiyar zafin. Aiki ya ƙaru a asibiti, don lokacin ne yara ke yawan kwanciya. Sa'a takan tashi daga taga ta dawo gida ta hau dakan kunu da suyar ƙosai, in an sha ruwa jikinta ya mutu murus. Ranar Asabar ta tsakiyar azumi ta yi gyangyaɗi a gaban Benson har biro ya faɗi daga hannunta. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce ta tafi gida, amma ta tafi da tambaya ɗaya.

"Wannan taki ce, ba ta cikin littafi. Tun ranar farko kika jawo ta. Mutum goma suka taru, maza da mata. Maza suka gaisa da maza, mata suka gaisa da mata, kowa sau ɗaya. Musafaha ashirin da ɗaya aka samu. Maza nawa ne?"

Ta rubuta a bayan littafinta. Ya ba ta aron nasa littafin mai rabebben bango, ya ce ta riƙa dubawa.

Kwana kaɗan bayan haka Abdullatif, ɗan autanta, ya tashi da zazzaɓi da gudawa. Kafin azahar idanunsa sun faɗa, wuyansa ya saki. Lawal ya ɗauko su a babur, Sa'a na rungume da yaron a tsakiya, suka kawo shi asibitin da take aiki. Ita da kanta ta ciro katinsa. Aka sha wahala kafin a samu jijiya, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Babu wanda zai riƙe mata taga, don haka ta raba kanta biyu: ta ba da kati, ta ruga ta duba yaro, ta dawo ta tarar layi ya hargitse. Inna ta zo ta zauna a bakin gadon da carbinta, tana yi masa fifita.

A rana ta uku zazzaɓin ya fara sauka. Da rana tsaka, mutane sun ragu, yaron ya samu barci, Inna ta fita alwala. Sa'a ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gado. Barci take so, amma ta san in ta rufe ido ba za ta ji ƙarewar ruwan ba. Don ta hana kanta barci ta ciro littafinta daga jaka.

Ta sa ma maza harafin m. Mata ke nan goma a ɗebe m. Ta rubuta gaisuwar maza, ta rubuta ta mata, kowace ta raba biyu, ta haɗa su ta ce daidai da ashirin da ɗaya. Ta bi a hankali, layi bayan layi, har abin ya tsuke ya koma ɗan gajere: m sau m, a ɗebe goma sau m, a ƙara ashirin da huɗu, daidai da sifili. Lambobi biyu take nema waɗanda in an ninka su za a samu ashirin da huɗu, in an haɗa su a samu goma. Shida da huɗu.

Ta ji wani ɗan sanyi a ranta. Saura ta jefar da ta bola.

Ta duba shida, babu abin da ya same ta. Ta duba huɗu, ita ma lafiyarta lau. Babu wadda ke ƙasa da sifili, babu mai rabin mutum. Ta ce to bari ta gwada. Ta tsinci murafen allura a cikin tire ta jera a kan siminti. Maza shida, gaisuwa sha biyar. Mata huɗu, gaisuwa shida. Ashirin da ɗaya. Ta juya. Maza huɗu, shida. Mata shida, sha biyar. Ashirin da ɗaya.

Ta sake daga farko. Ta sake kuma. Duk hanyar da ta bi, shida da huɗu suna tsaye suna kallonta. A jarrabawa gurbi ɗaya ake cikewa, Malam kuma ya ce ɗaya ta gaskiya ce ɗaya ta bola. Tunda ta kasa ganin ta bolar, to akwai abin da kowa ke gani wanda ita ba ta gani. Abin da ya kayar da ita sau biyu ke nan, yana nan bai je ko'ina ba. Duk zirga-zirgar Kankiya, duk man da Lawal ya ƙona, duk ranakun da ta bar yara, a banza.

Inna ta dawo ta same ta a kan murafen allura.

"Ke ɗiyar nan, yaro na kwance kina wasan dara?"

"Karatu ne, Inna."

"Karatu." Tsohuwar ta zauna tana gyara zane. "Ni ban hana ki ba. Amma ki dubi idonki a madubi. Rai dai guda ne."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta shige ta. Sa'a ta tattara murafen ta zuba a kwandon shara.

Aka sallami Abdullatif, ya fara cin abinci, ya fara rarrafen ƙiriniyarsa. Asabar ta zo, Lawal ya fito da babur, Sa'a ta ce yaro bai gama warwarewa ba. Asabar ta gaba ta ce aikin Salla ya yi yawa. Amma tambayar ba ta rabu da ita ba. Tana tuƙa tuwo tana jin ta, tana ba da kati tana jin ta, maza shida ko maza huɗu, kamar ƙudan da ya shiga ɗaki ya rasa ƙofa. Rannan bayan an sha ruwa, Lawal na zaune a tabarma yana shan kunu, ta ce masa, "Baban Kamila, na bar jarrabawar nan."

Ya aje kofin. Ta shirya jin lallashi, ta tanadi amsoshinta. Sai ya ce, "To."

"Ba ka tambaye ni dalili ba."

"Mi zan tambaya, Sa'a? Ina ganinki. Ni ma na gaji, wallahi. Bayana kamar ba nawa ba." Ya ɗauki kofin ya sake ajewa. "Abu guda dai, littafin bawan Allah nan a mayar mashi. Kuma a yi mashi godiya baki da baki."

Bayan Salla suka tafi. Tun daga bakin titi Sa'a ta ga shagon ya canza. Kantocin sun zama wayam, an sauke allon suna an jingine shi a bango. Madam Vero na tsugune tana ɗaure tukwane da igiya.

"Maman Kamila! Mun ce ko lafiya. Ya mai jiki? Maigidanki ya faɗa mana."

"Ya warke, Madam. Mi ke faruwa haka?"

"Gida za mu." Vero ta miƙe tana dafa ƙugu. "Yara duk suna can, sun dame mu. Ƙafar Baba kuma kullum ƙara kumbura take. In ya faɗi a nan wa zai ɗaga mini shi? Mun sha ruwan garin nan ya ishe mu arziki, amma tsufa a gida ya fi."

Benson na bayan shago a wurinsa na kullum, sai dai katan-katan ɗin da ke kewaye da shi yanzu littattafai ne da kwanuka a ciki. Sa'a ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa littafin da hannu biyu, ta yi godiya kamar yadda ta tsara. Ta ce ta ga abin ba nata ba ne, Allah bai ba ta kan lissafi ba.

"Tambayar da na ba ki fa?"

"Ita ce ta nuna mani, Malam. Na kasa."

"Yi mini in gani inda kika kasa."

Ba ta so, amma ba ta iya yi masa musu. Babu takarda a kusa, sai ya tura mata wani kwali da ƙafa ya miƙa mata biro. Ta rubuta a jikin kwalin ba tare da ta tsaya tunani ba, don ta yi ta har ta haddace. Ta kai ƙarshe, ta rubuta shida, ta rubuta huɗu, ta aje biron.

"Nan nake tsayawa. Na rasa ta jefarwa."

Benson ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa. Ya cire tabarau ɗin.

"Babu ta jefarwa. Duka biyun daidai ne."

"Malam?"

"Maza shida mata huɗu, ko maza huɗu mata shida. Labarin bai faɗi waɗanda suka fi yawa ba. Abin da labari bai faɗa ba, lissafi ba zai ƙirƙiro miki ba. Kin gama tambayar nan tun ranar da kika fara ta."

Sa'a ta yi tsammanin in ta ji irin wannan magana daɗi za ta ji. Abin da ya taso mata haushi ne, har idonta ya kawo ruwa.

"Amma ku kuka ce ɗaya ta gaskiya ɗaya ta bola. Ku kuka faɗa, Malam. Ina jinyar yaro ina wannan abu. Na ɗauka kaina ne ya toshe."

Tsohon ya murza gwiwa. "Na faɗa," in ji shi. "Gajeriyar hanya na ba ki, don yawancin tambayoyin haka suke. Waccan bakwai ɗin ba don ta zo ta biyu muka jefar da ita ba, don ba ta shiga labarin ba ne. In amsa ta fito, ki ɗauke ta ki koma da ita wurin mutanen, ki ga ko za ta zauna a cikinsu. In ta zauna, ki bar ta. Ke da kika tambaye ni ko akwai mata, ai kin fi kowa iya wannan."

Ya tura mata littafin. Ta ce ai ta bar jarrabawar. Ya ce ya ji, amma kayansu sun yi yawa, direba ma ƙorafi yake, ta rage masa nauyi. Vero ta rako su har bakin titi, ta cusa ma Sa'a ƙullin alewa ta kai ma yara, suka rungumi juna, kowace na cewa a yafe mata.

Suka kama hanyar komawa. Sai da suka wuce gonakin da aka fara sharewa, ana ta ƙona kara ana jiran ruwa, sannan ta matso kusa da kunnensa saboda iska.

"Ranar jarrabawar, motar farko nake so in samu."

"To," in ji shi.

A Katsina aka yi jarrabawar, a wani babban ɗaki cike da kwamfutoci. Yawancin waɗanda ke layi da ita sa'o'in ƙannenta ne, wata ma ta ce mata Anti ko ɗiyarki kika rako. Lissafin ya zo da wuya. Akwai tambayoyin da ba ta ma san ta inda za ta kama su ba, ta yi bisimilla ta zaɓa. Cikin duk abin da suka sha wahala a kansa a bayan shagon Vero, tambaya ɗaya tak ta fito. Ƙungiyoyin ƙwallo ne, kowace za ta kara da kowace gida da waje, wasa casa'in aka buga, ƙungiya nawa ce? Hannunta ya tafi zai raba biyu kamar yadda ya saba. Ta tsaya. In waɗannan sun je garin waɗancan, sannan waɗancan sun zo garin waɗannan, ai wasa biyu ne, ba ɗaya aka ƙirga sau biyu ba. Ba ta raba ba. Goma sau tara, casa'in. Ta danna goma ta wuce.

Ta fito kanta na sarawa, ba ta san ko ta ci ko ta faɗi ba, ba ta ma da ƙarfin damuwa. Washegari ta koma tagarta.

Sakamakon ya zo ta wayar Lawal. Ba wani maki ne na a zo a gani ba, da ƙyar ya haye abin da ake nema, kamar mai tsallake rafi ya jiƙa diddige. Amma ya haye. Ta sa Lawal ya kira lambar Benson. Vero ce ta ɗauka, ta yi ihu ta ce sun gode Allah, ta ce Baba yana barci, ƙafar ta hana shi runtsawa jiya, za ta faɗa masa in ya tashi. Sunan Sa'a bai fito a jerin farko na waɗanda makarantar ta ɗauka ba. Sai da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sannan ya fito a na biyu.

Da murnar ta lafa sai ta zauna ta dubi abin da ke gabanta. Shekarun karatu ne, kullum Kusada zuwa Kankiya, ga yara, ga Inna da ƙarfinta ke raguwa. A asibiti an ce za a riƙe mata tagar in za ta riƙa zuwa ranakun da babu aji. Hutun da take hange ya ƙara matsawa gaba.

Makarantar ta ce kowa ya zo da kayan ɗalibai, farare. Ta sayi yadi ta kai wa Fadimatu mai ɗinki, wadda ke yi mata ɗinki tun tana amarya. Fadimatu ta ce ba sai ta auna ba, ta san jikinta. Sai ta sake kallonta, ta ɗauko tef na awo. Ta zagaya shi a ƙugunta, ta duba, ta sake zagayawa.

"Sa'a, ina kika kai jikinki? Wannan ai awon budurwa ne."

"Yana nan, zai dawo."

"To yaya zan yanka? Daidai ke ta yanzu, ko ke ta da?"

Sa'a ta zauna a kan bencin shagon, ta jingina bayanta da bango. Ƙarar keken ɗinkin yarinyar da ke koyo a gefe tana shiga kunnenta kamar ruwan sama a kan kwano.

"Yanka daidai ni ta yanzu," in ji ta. "Amma ki bar yadi ta ciki, yadda za a iya buɗewa."

Fadimatu ta sa alli ta fara zana farin yadin. Ta juyo za ta tambaye ta tsawon hannu, sai ta tarar idanunta a rufe. Ta yi wa yarinyar alama ta tsayar da keken, ta ɗauki hannun Sa'a a hankali ta auna abinta.